Akwatunan 'yan biyu

Da na buɗe baki na faɗa wa mai sola gaskiya a kasuwar Geceme, da yau maigidana yana raye? Damina huɗu ke nan ina juya wannan tambaya, ban samu amsarta ba. Na tambayi limamin garinmu, ya ce kwanansa ne ya ƙare, ko na faɗa ko ban faɗa ba. Na yarda da maganarsa. Amma da na koma ɗaki sai na tarar da tambayar tana nan inda na bar ta.

Ni ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabciyata, malamar makaranta, ita ke rubuta abin da nake faɗa don ta sa inda mutane ke karantawa a waya. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kuma idan kuka ya zo mini ta dakata ta jira ni.

Shekarun baya masu yawa, tun ina da haƙorana duka, Allah ya ba mu 'yan biyu, maza. Daga ranar sunana ya ɓace, kowa uwar biyu yake ce mini, har shi maigidan. A ƙasarmu ta Arewa, wurinmu Arawa, kowa ya san ba a fifita ɗaya cikin 'yan biyu. Maigidana ya sani, amma da farko bai ɗauki abin da nauyi ba. Suna da shekara huɗu ya je kasuwa ya tarar da takalmin roba na yara, na mutum ɗaya kawai ya rage. Ya saya, wai su riƙa sawa bi da bi. Ɗaya ya sa. Ɗayan bai yi kuka ba, kallon ubansa kawai ya yi. Cikin makon nan kunama ta harbi maigidana sau biyu, kuma yaron da bai samu takalmin ba ya kwanta da zazzaɓi har muka fidda rai. Tsofaffin gari ba su yi doguwar magana ba, suka ce masa ai ya san abin da ya yi.

Yaron ya tashi. Amma uban bai sake zama yadda yake ba. Riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, kaciya rana ɗaya, aure rana ɗaya. In ɗaya ya yi laifi dukansu ke shan bulala, in ya so su sasanta a tsakaninsu. Da suka girma, ɗaya ya buɗe shago a Dogon Dutsi, ɗaya ya kama tuƙin mota a Gaya. Idan ya kira ɗaya a waya, ba ya ajiye ta sai ya kira ɗayan, kuma yana riƙe da wanda ya fara kira jiya don yau ya fara da wancan. Na Dogon Dutsi ya shiga cikin masu wa'azi, ya bar gemu, kuma ya sha zaunar da ubansa yana ce masa wannan duk camfi ne, 'yan biyu yara ne kamar kowa, kunama kuma ba ta karɓar aike. Uban yakan saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

"Ni ma na san Allah ɗaya ne. Amma ku biyu ya ba ni."

Muna da garka a bayan gida, zogale da albasa da ɗan dankali, da rijiya a tsakiya. Duk rayuwarsa da guga yake ban ruwa. Da bayansa ya fara ciwo, sai na Dogon Dutsi ya aiko da kayan sola: farantai, batura, injin jan ruwa, da wani akwatin ƙarfe fari mai juya wutar rana ta zama wutar gida. Masu aikin suna ce masa ondilar, mu dai akwati muke cewa. Maigidana ya yi godiya, ya sa albarka, ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Ya ce ba za a kafa ba sai na Gaya ya aiko da nasa. Wata uku akwatin na ƙarƙashin gado, tsoho na jan guga yana nishi. Ni kuma ina ta mita, ina cewa mun zama masu wuta a kwali. Har na Gaya ya gaji da jin labarin, ya nemo irinsa sak, ya aiko. Mu biyu muka buɗe kwalayen, muka jera akwatunan a kan benci cikin tsohon ɗakin akuyoyi, ɗaya ta wajen ƙofa, ɗaya ta wajen bango. Ba su da bambanci ko na ƙwayar gero. Ni da shi kaɗai muka san wanne ne na wa.

Mai solan da ya zo kafawa Bafillace ne, magidanci mai furfura a gemu. Shanun ubansa sun sha cin kara a gonarmu kafin shi ya koma birni ya koyi aikin wuta. Tsakanin Fulani da Arawa kuwa akwai wasa, don haka tun daga ƙofar gida suka fara. Maigidana ya ce yau ga Bafillacen da saniya ta kora ya koma kiwon waya. Shi kuma ya ce ya zo ne ya fitar da Ba'are daga duhu, tunda kakanninsa sun kasa. Da ya ga akwati biyu ya yi murna, ya ce dama ɗaya ba zai iya tada injin ba ga firji ga fanka, sai an haɗa ƙarfinsu wuri guda.

Ina zaune a bakin ƙofa ina tsinke zogale ina kallonsa. Ya auna wayoyi masu kauri, ya yanka su tsawo ɗaya, alhali akwatin ƙofa ya fi kusa da inda wutar ke fita. Ragowar ya naɗe ta ya rataye a ƙusa. Maigidana ya ce wannan ɓarna ce irin ta wanda bai san zafin noma ba. Mai sola ya ce a'a, dole hanyarsu ta zama ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Ya ce idan ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaɗan ne, mai ƙarfin zai riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa, wancan ya turo masa, ta yi ta zagaye a tsakaninsu ba ta kai ga injin ba. Ya ce ba a ganin wannan wutar, ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya, zafi kawai take haifarwa. Bayan haka ya ɗauko wasu siraran wayoyi guda biyu, ɗaya toka-toka, ɗaya ja da baƙi a murɗe, ya haɗa bayan wannan akwati da bayan wancan. Ya ce waɗannan biyun ko ɓera ya ci a kira shi.

Maigidana ya tambaye shi aikinsu. Sai ya juyo wurina.

"Uwar biyu, in kuna lugude ku biyu a turmi ɗaya, wa ke fara saukewa?"

Na ce ɗaya ke farawa, ɗayar ta bi sautinta.

"In kowa ta bi son ranta fa?"

Na ce taɓare su yi karo a sama, hatsi na nan bai daku ba, wata ma ta tashi da fasasshen goshi.

"Shi ke nan. Kin riga mijinki gane aikin. Ɗaya ke ja, ɗaya ke bi."

Na ji daɗi ƙwarai, har na gyara zama. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba, yau an ce ta gane aikin wuta. Ina cikin jin daɗin nan ban lura da fuskar maigidana ba sai da ya yi magana, a hankali, ba da muryar wasa ba. Ya tambaya wanne ke ja. Mai sola ya ɗora hannu a kan ɗaya. Ya tambaya ko ba za su iya tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Mai sola ya ce kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, sai dai ɗaya ne ke cewa mu tafi. Ya tambaya ko za a iya sauya musu, mako wannan, mako wancan.

"Ni ba zan baro Dogon Dutsi kowace Juma'a in zo naɗin sarauta a ɗakin akuyoyinka ba," in ji mai sola, yana dariya. "Ƙarfe ne, Ba'are. Ba ya jin haushi."

Maigidana ya yi murmushi, bai rama ba. Shekara hamsin muna tare, ban taɓa ganin Bafillace ya tsokane shi ya ƙyale ba sai ranar.

Ruwa ya zo. Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗi. Tsoho ya riƙa tsayawa da hannu a baya yana kallon ruwa na bin fangali da kansa. Na sha ruwan sanyi har haƙorina ya yi tsami, mata suka riƙa zuwa gaisuwar da ba su saba ba. Amma sau da yawa nakan gan shi tsaye a ƙofar ɗakin akwatunan, ba ya shiga, ba ya tafiya. Abinci ma ya rage. Idan zai kira yaran a waya sai in ga ya fara kiran wanda akwatinsa ke bi, kwana uku a jere, abin da bai taɓa yi ba. Na gane yana rama masa ne.

Wata safiya, farkon bazara, ya kira ni cikin ɗakin. Ya ce ya yi tunani, ba zai kwanta a gidan da aka sa ɗansa ɗaya ƙarƙashin ɗaya ba, ko da a ƙarfe ne. Na ce ai mai sola ya ce kada a taɓa. Ya ce mai sola bai haifi 'yan biyu ba. Ya sa hannu ya zare waya mai toka-toka. Nan take akwatunan suka ɗauki kuka, fanka ta tsaya, komai ya mutu. Da sauri ya mayar da ita, ya danna inda aka nuna masa, wuta ta dawo. Muka tsaya muna kallon juna. Na ɗauka ya haƙura. Sai ya zare ta biyun, ja da baƙin.

Ba abin da ya faru. Firji na ta gurnani, ƙananan fitilun akwatunan na nan kore. Ya jira, ya je ya kunna injin, ruwa ya fito. Ya dawo fuskarsa a sake, kamar an sauke masa buhu daga kai. Ya ce yanzu ya gane: ta farkon ta zumunci ce, shi ya sa suka yi kuka da aka raba su. Wannan ita ce ta mulki, kuma ga shi ba su yi kewarta ba. Ya naɗe ta ya sa mini a hannu, ya ce in adana, kuma kada Bafillacen nan ya ji, don zai mayar da ita ne ya ƙara masa da dariya. Na sa ta a ƙasan kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Gaskiya ni ma maganarsa ta shige ni. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Bayan kwana kaɗan ɗakin ya fara zafi. Akwatunan suna da ƙananan fankoki a cikinsu, da can sai injin na aiki suke juyawa, yanzu kuwa ba sa hutawa, suna ta huci ko babu abin da aka kunna. In ka taɓa ɗaya kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Batura suka riƙa ƙarewa da wuri, mu tashi da asuba mu tarar firji ya yi shiru. Na ce bazara ce, mu ma mutane muna jin jiki balle ƙarfe. Na riƙa yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin. Akwai ranar da na zauna da faifai ina yi musu fifita, wannan sau goma, wancan sau goma, don kada a ce na nuna bambanci. Wanda ya gan ni ranar zai ce tsohuwa ta taɓu.

Ranar kasuwar Geceme na kai busasshen zogale. Ina zaune a rumfa sai ga mai sola a kan babur, ya tsaya ya ce uwar biyu, yaya yaranki na ƙarfe? Na ce lafiya, sai dai zafi da huci, kuma wutar ba ta kai safe. Dariyar da ke fuskarsa ta tafi. Ya kashe babur ɗin ya sauko. Ya tambaya ko mun ƙara wani abu mai cin wuta, na ce a'a. Ya tambaya ko suna huci ko da injin a kashe, na ce e. Ya tsugunna a gabana.

"An taɓa wani abu a bayansu?"

Saura kaɗan in faɗa masa. Na tuna fuskar maigidana ranar da ya ci tuwo ya nemi ƙari. Na tuna yadda za a yi ta ba da labarinsa a Dogon Dutsi, Ba'aren da ya 'yantar da akwati. Na ce:

"Wa zai taɓa?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce yana da aiki a Sukukutane, kwana biyar, da ya gama zai zo. Kafin nan kada a kunna injin da tsakar rana, kuma in mun ji ƙauri mu ja babban hannun nan mai kashe wuta da ke jikin bango. Na kawo saƙon gida. Maigidana ya ce albasa ba ta san Sukukutane ba, in ba ta sha ruwa ba za ta ƙone. Ya tambaye ni ko na faɗa. Na ce ban faɗa ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Kwana uku bayan haka, rana tsaka, mazan gari duk sun tafi sharar gona. Injin na aiki. Ina ƙarƙashin rumfa ina gyaran wake sai na ji ƙara kamar an jefar da tulu daga kan ɗaki, sai wari irin na ƙonannen roba. Kafin in miƙe hayaƙi na fita ta ƙofar ɗakin, baƙi, mai kauri. Rufin ɗakin ciyawa ne. Ina tsaye da ƙwaryar wake a hannu, ban ajiye ta ba, ban san me ya sa ba.

Ya fito daga garka da gudu, mutumin da ko ruku'u sai ya dafa gwiwa. Ya fizgi gatarin da ke jingine a bakin ƙofa ya shige. Na ji ya ja hannun bangon, na ji saran wayoyi, na ji sara. Sai ga shi ya fito da akwati ɗaya a rungume, ya dire shi a gabana. Girarsa ta babbake, amma lafiyarsa ƙalau, yana tari kawai. A lokacin wuta ta riga ta kama ciyawar rufi. Na saki ƙwaryar na riƙe rigarsa da hannu biyu. Na ce ya isa, na ce ƙarfe ne, na ce yaran suna nan da ransu, ɗaya a shago ɗaya a mota. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba.

"Sake ni, uwar biyu. Ɗaya na ciki."

Ban sake shi ba. Rigar ce ya zare ya bar mini a hannu.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a ciki ba. Matan maƙwabta sun fara zuwa da bokitai, ana ta salati. Sai aka ji ƙara ta biyu, wadda ta fi ta farko. Daga baya aka ce mini batir ne ya fashe, ruwansa kuma yana cin fata. Ya fito da rarrafe, yana turo akwatin a gabansa da ƙirji, saboda hannuwansa ba sa kamawa. Da ya kawo shi kusa da ɗan'uwansa sai ya kwanta a ƙasa. Rufin ya rufta bayansa. Ni dai ina tsaye da riga a hannu. Wata mata ce ta mare ni kafin na dawo hayyacina.

A amalanke muka kai shi Geceme, daga nan aka sa shi a mota zuwa likita, wato asibitin Dogon Dutsi. Na Dogon Dutsi ya tare mu a ƙofa, na Gaya ya iso washegari. Likitoci suka ce ƙunar waje da sauƙi a kan hayaƙin da ya shaƙa. Kwana uku ya yi. An kawo shi gida an rufe shi kusa da iyayensa.

Ranar addu'ar uku mai sola ya zo gaisuwa. Ina cikin ɗaki amma labari na shigo mini. An ce ya yi sallama, maza sun amsa a ciki-ciki, babu wanda ya matsa masa a tabarma. An ce ana ta raɗa cewa aikin banza ya yi, ya naɗe waya a ƙusa don bai san abin da zai yi da ita ba. Na Dogon Dutsi ya rantse sai ya kai shi wurin jandarma a kama shi. Mutumin nan da kafa sola yake ci da iyalinsa, kuma daga ranar babu wanda zai sake kiransa a ƙasar nan. Na ga na riga na rufe baki sau ɗaya. Na aika aka kira yaran duka biyu, na ce su shigo da shi tsakar gida. Na buɗe kwalla na zaro wayar, na miƙa hannu ta bayan labule na ajiye ta a ƙasa. Na faɗi komai, har da abin da na ce masa a kasuwa.

Na leƙa ta gefen labule na ga mai sola ya ɗauki wayar yana juya ta, sai ya zauna a turɓaya.

"Wannan ce ya cire? Ja da baƙin?"

Na ce ita ce, ta mulkin.

"Uwar biyu, ba ita ce ta mulki ba. Ta mulkin ita ce wadda ya mayar. Wannan ta rabo ce. Ita ke sa kowanne ya ɗauki rabin kaya daidai, kada wani ya danne wani."

Malama, dakata kaɗan.

To. Ya ce tun daga safiyar da aka zare ta, mai jan yana nan yana ja, ba abin da ya sauya. Abin da ya sauya shi ne babu sauran mai raba musu. Ɗaya ya riƙa tura wuta cikin ɗaya dare da rana, suna cin juna a ɓoye, mu kuma muna ganin fitila kore muna cewa an zauna lafiya. Zafin da nake yi wa fifita ke nan. Ya ce da ya sani, da ranar kafawa ya zauna ya nuna wa tsoho kowace waya da aikinta, maimakon ya tsaya tsokana. Ya yi kuka kamar yaro. Ni ban iya kuka ba a lokacin. Kaina ne ya yi fayau, kamar an zare mini wani abu ni ma. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana auna komai biyu daidai, da hannunsa ya cire abu ɗaya tilo a ɗakin nan da ke yin irin aikinsa. Kuma ni na ɓoye masa ita a cikin zannuwana.

Na Dogon Dutsi ya ce camfi ne ya kashe ubansu. Na Gaya ya ce masa ya yi shiru, ba a gaban inna ba. Daga baya su biyun suka raka mai sola waje, suka zaunar da shi a tsakiyarsu a kan tabarma, don mutane su gani.

Bayan na fita takaba suka sake gina ɗakin da rufin kwano, suka sake sayen akwatuna biyu, mai solan nan ne ya kafa. Wannan karon ya zaunar da ni ya nuna mini komai da yatsa, har sai da na maimaita masa. Yanzu kowace safiya nakan shiga in duba siraran wayoyin nan, in ɗora bayan hannuna a kan wannan, in ɗora a kan wancan. In zafinsu ɗaya ne in fita. Garka na nan, albasa na yi. Ruwan sanyin ne ban sake sha ba, na koma randa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ya zo mini a makare. Wanda ya san aiki in ya tambaye ka, ba don ya kunyata ka yake tambaya ba. Na zaɓi in kare maigidana daga dariyar kwana biyu. Har yau in na ji mata na lugude a maƙwabta nakan tashi in shige ɗaki, saboda ni ce aka ce na gane aikin, kuma na gane ɗin. Ban ga laifin maigidana ba, kada wanda ya karanta ya ɗauka haka. Yadda ya iya ƙauna ke nan, a aune, biyu daidai, kuma bai san wata hanya ba.

Yaran sun tambaye ni abu ɗaya, kowa shi kaɗai, ba da sanin ɗan'uwansa ba. Na Gaya ya tambaye ni a mota, yana kallon hanya. Na Dogon Dutsi, mai cewa duk camfi ne, ya tambaye ni yana sunkuye yana gyara mini igiyar gado, da wata murya da ban ji ta a bakinsa ba tun yana yaro. Kowannensu so yake ya san akwatin wa uban ya fara fiddawa. Na ce musu hayaƙi ya hana ni gani. In sun ji wannan rubutu za su san na gani. Su yi haƙuri da ni.

Ranar da ya cika, bayan la'asar ne, yaran sun fita sallah. Ni kaɗai ce a gefen gadon. An naɗe masa hannuwa da fuska da farin ƙyalle, ido da baki kawai ake gani, numfashinsa na fita kamar ana jan zarto. Tun safe bai yi magana ba. Sai na ga idonsa na nemana. Na kai kunnena kusa da bakinsa, ina tsammanin ruwa zai ce, ko ya yi mini maganar kasuwa, ko ya ce in yafe masa. Ya daɗe yana tara numfashi, sannan ya ce:

"Uwar biyu, kada ki faɗa musu wanda na fara fiddawa."